Kyamarar ribas ɗin motata ta daina nunawa, ga yadda aka yi har aka gano matsalar

Motata Corolla ce ta 2010, na saye ta hannu a nan Kano wajen shekara biyu kenan, kuma tawa dai ba ta zo da kyamarar baya daga kamfani ba, mai ita na farko ne ya cire rediyon ya sa mata irin babban sikirin ɗin nan na Android, sannan ya liƙa 'yar kyamara a saman lambar mota. Da farko ban ɗauke ta a bakin komai ba tunda ni da madubi na koyi tuƙi, amma gidan da nake haya a cikin lungu yake, da gaba nake shiga da baya nake fitowa, kuma lungun namu da safe cike yake da yara masu tafiya makaranta da almajirai da masu tallan koko da ƙosai, ga 'yan adaidaita sahu da ke shigowa ɗaukar ɗalibai. A hankali sai na saba, ina saka giyar ribas idona ya sauka kan sikirin.

Ƙarshen damina abin ya fara. Farko hoton ne ya riƙa yin hazo-hazo kamar an shafa masa mai, in goge da gefen riga ya ɗan washe. Bayan kamar sati biyu sai ya koma ƙiftawa, ya kawo ya ɗauke, wata rana ya yi lafiya lau tun safe har dare, wata rana kuma ina saka ribas sikirin ya yi baƙi ƙirin da wani ɗan rubutu a tsakiya wai No Signal. Na yi ta cewa gobe zan kai gobe zan kai, har ranar wata Talata da na makara, na saka ribas sikirin ya yi baƙi, na duba madubi uku ban ga komai ba, na saki birki sai kawai naji ƙaras a ƙarƙashin tayar baya. Keken 'yata ne mai ƙafa uku, ta bar shi dab da bamba inda babu madubin da zai nuna shi, ita kuma tana tsaye a bakin ƙofa taku uku ko huɗu daga wurin tana kallona. Wallahi na fi minti biyar a zaune hannuna na rawa na kasa fitowa, uwarta ce ta zo ta ɗauke ta tana salati. Ranar ban iya aikin kirki a ofis ba.

Da yamma na fara da abin da zan iya da kaina. Na wanke idon kyamarar da ruwa da ƙyalle mai laushi, na samo tsinken allura na danna ɗan ramin risat da ke gefen sikirin ɗin, ya mutu ya tashi, babu canji. Wani a wajen aiki yace in cire kan batir na minti goma in mayar, na yi, abin da na samu kawai shi ne agogo ya rikice tashoshin rediyo suka goge.

Washegari na tsaya wajen wani rewaya a bakin titi kusa da unguwarmu, matashi ne, yana da saurin hannu kuma yana da fara'a. Na faɗa masa abin da ake ciki, ya leƙa sikirin, ya zagaya ya ƙwanƙwasa kyamarar da yatsa, yace Alhaji ai ta ƙone, ruwa ya shige ta, sai dai sabuwa. Ko mitar auna wuta bai ɗauko ba, ni kuma ban san ya kamata a ɗauko ba. Yace mai kyau dubu 12 ce, akwai ta dubu 6 amma ba ta gani da dare, nace a kawo mai kyan. Yaronsa ya hau mashin ya tafi, na zauna a benci kusan awa ɗaya da rabi rana na dukana kafin ya dawo da ɗan kwali. Aka buɗe but, aka cire tsohuwar, aka ɗaura sabuwar, ya murɗe wayoyin da hannu ya naɗe da baƙin salatif, yace in saka ribas. Hoto ya fito amma ba hoton arziki ba, fari da baƙi ne a karkace yana gudu kamar tsohuwar talabijin da eriya ta goce. Ya ciro ya mayar, ya sake, haka dai. Da ya rufe but ma sai hoton ya ɗauke gaba ɗaya aka koma No Signal. Nan yace toh Alhaji ashe sikirin ɗin ma ya taɓu, wutar da ta ƙona kyamarar ta bi ta taɓa shi, in kawo dubu 75 a sa sabo. Raina ya ɓaci sosai, amma ban da hujjar da zan yi musu da shi, na ba shi dubu 3 kuɗin aiki, nace ya ba ni tsohuwar kyamarata da kwalin sabuwar, na jefa su a but na tafi. Karɓar waɗannan biyun shi ne abu mafi amfani da na yi a ranar, duk da a lokacin haushi ne kawai ya sa na karɓa.

Kwana tara na yi haka, kullum da safe sai maman yara ta fito ta tsaya a bayan mota ta kore yara tana min alama da hannu kafin in motsa. Har na fara lissafin yadda zan haɗa dubu 75 ɗin a ƙarshen wata, sai direban ofishinmu yaji labarin yace kar in kuskura in sayi komai sai na je wajen wani dattijo da ke aikin wayar mota a can wajen Kofar Ruwa, yace shi ba ya canza kaya sai ya auna. Ranar Asabar ƙarfe 9 na isa, na tarar da motoci huɗu a gabana, wata da matsalar AC, wata tana cin batir cikin dare. Babu wani layi a rubuce, yaran shagon ne suke riƙe da wanda ya riga wani a ka. Na sha shayi a gefe, na yi sallar azahar tare da su a kan tabarma a bayan shagon, sai wajen ƙarfe 2 aka zo kaina. Duk wanda zai je irin wannan wurin ranar Asabar ya ware yinin gaba ɗaya, kar ya sa wani alƙawari.

Kafin ya taɓa motar sai da ya yi min tambayoyi. Yace Malam in ka saka ribas, sikirin ɗin yana juyawa ya yi baƙi ne ko yana nan a kan rediyo kamar ba a yi komai ba? Nace yana juyawa. Yace alhamdulillahi rabin aiki ya ƙare. Ya yi min bayani cewa a bayan irin wannan sikirin akwai wata siririyar waya da aikinta kawai ta ji wuta ta zo daga fitilar ribas, tana ji sai sikirin ya bar abin da yake yi ya koma jiran hoton kyamara. Da a ce ba ya juyawa sam, toh da sai a fara neman matsala daga fis, ko suwic ɗin ribas da ke jikin giya, ko ita wannan siririyar wayar. Tunda yana juyawa duk waɗannan lafiyarsu ƙalau. Ya sa na ja birkin hannu, na kunna makulli ba tare da tayar da inji ba, na taka birki na saka ribas, ya zagaya baya ya ga fararen fitilun ribas biyu duk suna ci. Ya warware salatif ɗin da wancan ya naɗa, ya ɗora mita a kan jar waya da baƙa na kyamarar, ya kira ni in gani da idona, volt 12 da ɗan ɗoriya. Yace wuta tana zuwa, saura abu uku, ko kyamara, ko doguwar wayar da ke kai hoto gaba, ko saitin sikirin.

Sai ya tambaye ni kwalin sabuwar kyamarar. Na ɗauko, ya juya bayansa ya nuna min wasu haruffa uku, AHD, da 720P a gefe. Yace kyamarorin nan iri biyu ne a kasuwa, akwai tsohon samfuri da ake kira CVBS mai tafiya da NTSC ko PAL irin na tsohuwar bidiyo, akwai kuma AHD mai hoto tas, kuma bakin wayarsu iri ɗaya ne, rawaya ɗin nan, shi ya sa mutane suke zaton duk ɗaya ne. In ka jona AHD a sikirin da aka saita a kan CVBS, abin da zai ba ka kenan, ko baƙi ko wannan fari da baƙin mai gudu. Wani yaronsa da ya fi sanin harkar Android ya shiga motar, ya buɗe saitin, ya shiga wani ɓangare na kamfani da sai an saka lambobin sirri, ya nemo wurin nau'in kyamara ya mayar da shi AHD 720P 25, ya kashe ya kunna. But na buɗe a lokacin. Ina saka ribas sai ga hoto garau, har ina hango tambarin da ke jikin galan ɗin mai a ƙasa. Sikirin da aka ce ya taɓu, minti uku aka yi a kansa. Yaron yace min akwai tsofaffin sikirin da ba su da wannan zaɓin kwata-kwata, masu irin su sai dai su nemi kyamarar CVBS tun wajen saye, ko irin wadda ake yanke wata 'yar waya a jikinta ta koma tsohon samfuri.

Har na fara godiya, dattijon yace dakata Malam ai ba mu gama ba, wannan matsalar da aka ƙara maka ce muka cire, ta asali tana nan. Yace in zuba ido a sikirin. Ya kama murfin but yana sauke shi a hankali a hankali, yana kaiwa kamar rabi hoton ya fara rawa, ya ƙara ƙasa kaɗan ya ɗauke ɗif, ya ɗaga ya dawo. Sau uku yana yi. Ya cire kafet ɗin da ke rufe cikin murfin, ya bi wayar hoton da yatsa har inda ta sauko ta jikin lanƙwasasshen ƙarfen da ke ɗaga murfin, sai ga wurin. Wanda ya sa kyamarar tun farko ya ja wayar ta yi tsam babu sassauci, ya ɗaure ta a jikin ƙarfen, kullum aka buɗe but aka rufe sai ta lanƙwashe a wuri guda. Daga waje robar ta ɗan baje ne kawai ta yi fari, amma da ya fere ta da reza sai ga silin tagullar na tsakiya ya tsinke, bakin biyu suna ɗan taɓa juna, in an buɗe su haɗu in an rufe su rabu. Siririyar jar wayar da ke manne da ita kuwa ba ta tsinke ba, shi ya sa sikirin yake juyawa amma babu hoto. Wannan ne dalilin da wata rana take yi wata rana ba ta yi, ya danganta da yadda aka buga murfin da kuma ramukan da na faɗa a hanya.

Abin da ya fi min ciwo shi ne da ya zazzage kwalin, sai ga sabuwar doguwar waya a naɗe da robarta ko kwance ta ba a yi ba. Tare da kyamarar ta zo. Wancan ya bar ta ne saboda jan waya daga but zuwa dashbod aiki ne, ya jona sabuwar kyamara a kan tsohuwar waya mai ciwo. Da ya ja ta a ranar, da rabin wahalar nan ban sha ba.

Nace a gwada min tsohuwar kyamarar in sani. Suka mayar da saitin CVBS na ɗan lokaci, suka jona ta da sabuwar wayar a waje, suka ba ta wuta, ta kawo hoto. Da hazo a cikinta, don in ka ɗaga ta a rana kana ganin ɗigon ruwa a cikin gilashin, amma ba ta ƙone ba. Dattijon yace yawanci masu wankin mota ne ke sa bakin injin feshi kai tsaye a kanta, ƙarfin ruwan ya fi ƙarfin robar da ke tsare ta, ko da an rubuta a kwali cewa ruwa ba ya shiga. Toh ko banza dai ina buƙatar sabuwa nan gaba saboda hazon, wannan ya ɗan rage min zafin dubu 12 ɗin.

Jan wayar ya ci kusan awa biyu. Sun ɗaga kujerar baya, sun ɓalle robobin da ke bakin ƙofofi ta ƙasa, suka bi da ita ƙarƙashin kafet har gindin dashbod, suka zaro sikirin suka jona rawayan baki a inda aka rubuta na kyamara, don akwai wani rawayan a gefensa na bidiyo da ke ruɗar mutane. A wajen ƙarfen but ɗin ya bar mata sassauci kamar tsawon tafin hannu, ya saka ta cikin baƙin bututun roba mai gargada, ya ɗaure ta tana bin wayoyin kamfani na asali, sannan ya buɗe ya rufe sau da yawa yana kallon yadda take lanƙwasa. Duk inda aka murɗe da hannu ya kwance ya liƙe da dalma. Baƙar wayar negetif ma ashe a kan wani noti mai tsatsa aka ɗaura ta, ya kankare wurin har ƙarfe ya yi haske ya mayar, yace irin wannan ne ke sa layi-layi a hoto in an tayar da inji. Ya kuma shafa gam a ramin da wayar ta shiga murfin saboda ruwa. Dubu 7 ya karɓa, na ƙara wa yaron Android ɗin dubu 1. Gaba ɗaya da na farko dubu 23 kenan, kuma da nan na fara zuwa da abin bai wuce kuɗin waya da na aiki ba.

Muna cikin aikin wani ya zo da mota 'yar Amurka da kyamararta ta kamfani ta mutu, a nan naji wani abin da ya kamata masu irin waɗannan su sani. Dattijon yace da yawa daga kyamarorin kamfani na motocin Japan da volt 6 suke aiki, kuma sikirin ne ke ba su wutar, in rewaya ya ɗauka irin ta kasuwa ce ya jona mata 12 daga fitilar ribas yana iya kashe ta nan take, kuma ita tana da tsada. Wasu motocin Jamus kuma wutar fitilar ribas ɗinsu ba a miƙe take zuwa ba, kwamfutar motar ce ke sakinta tana yankewa da sauri, sai ka ga kyamara tana yi lafiya in inji na kashe, ana tayarwa ta fara ƙiftawa, maganinsu a sa rile, wato ɗan makunnin da ke jona wuta da kansa, a ɗauko wuta mai tsafta. Daga baya na karanta cewa a Amurka tun watan Mayu na 2018 doka ta wajabta kyamarar baya a duk sabuwar ƙaramar mota, kuma dokar da ta jawo hakan an sa mata sunan wani yaro ne ɗan shekara 2 da mahaifinsa ya taka da mota yana ribas a ƙofar gidansu a 2002. Da na karanta sai keken nan ya dawo min a rai. Mu da yaranmu ke wasa a lungu tun asuba, wannan 'yar na'urar ba kayan ado ba ce.

Ga wanda tasa ta fara irin wannan, kafin ka fitar da ko sisi ka sa wani ya tsaya a gefen motar ta baya, kai kana kan birki, ya duba ko fitilun ribas suna ci. In ba sa ci, maganar fis ce ko suwic ko ƙwan fitila, kyamara ba ta shigo ba tukuna. Ka lura ko sikirin yana juyawa ko ba ya juyawa, ka riƙe wannan don shi za a fara tambayarka in ka samu mai sani. Ka buɗe but ka rufe a hankali kana kallon hoton, in yana zuwa yana tafiya toh waya ce. In hazo ne kawai kuma gogewa ba ta kawar da shi, ruwa ne a ciki, wannan kam sai sabuwa. In za ka saya ka san ko sikirinka yana karɓar AHD, ka tsaya a kai a ja sabuwar wayar da ta zo a kwali, kuma duk abin da aka cire daga motarka ka karɓi abinka. Rewayan da ya yanke hukunci bai ɗora mita ba, ka ce masa ya auna a gabanka, in ya ƙi ka yi masa sallama cikin mutunci ka ƙara gaba.

Abu na ƙarshe da dattijon ya sa ni in yi shi ne in gwada layukan nan masu launi da ke fitowa a hoton, yace ba a auna su da motata ba, kuma idon kyamarar mai faɗi ne, yana sa abu ya yi kamar yana nesa alhali yana kusa. Da na dawo gida bayan magariba na ajiye jarkar ruwa a tsakar lungu, na riƙa matsowa da baya kaɗan-kaɗan ina sauka ina dubawa. Lokacin da jarkar ta hau jan layi, tsakaninta da bamba bai fi tsawon tafin hannu biyu ba, a sikirin kuwa sai ka ce akwai sauran taku guda. A ɓangaren hagu ma akwai wani ɗan lungu dab da taya da jarkar ta ɓace gaba ɗaya, babu ita a kyamara babu ita a madubi. Saboda wannan wurin har yau da safe sai na zagaya motar da ƙafata, na ga inda 'yata take, sannan in shiga in tayar.